Daga Dogarai zuwa 'Yan Sandan Jiha: Abin da Ƙasar Gwandu Ta Riga Ta Gani

Duk lokacin da 'yan bindiga suka yi ɓarna a Kebbi, kamar ɗaukar ɗalibai a Birnin Yauri a 2021 ko harin Lakurawa a Mera a 2024, sai maganar 'yan sandan jiha ta sake tasowa. Masu goyon baya kan kawo misalin Brazil, inda kowace jiha take da rundunarta mai horo da muƙamai irin na soja. Gwamna ke riƙe da akalarta, ita ke sintiri a titi, binciken laifi kuma yana hannun wata rundunar ta daban. Mutanen Kamba ma da sun tsallaka Gaya za su ci karo da jandarmomin Nijar, sai dai su na gwamnatin ƙasa ne.

To amma dattijon Gwandu ko na Kalgo ba ya buƙatar a kai shi Brazil. Ƙasar nan ta yi zamani da 'yan sandanta na gida.

Tun daular da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa wa cibiya a Gwandu, dogarai ne hannun sarki: su kamo mai laifi, su tsare fada, su zartar da hukuncin alƙali. Rigar ja da kore da muke gani yau a hawan salla, a da in ta ɓullo a bakin kasuwa kowa kan shiga taitayinsa. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, ba su rushe wannan tsari ba. Gyara shi suka yi, har aka fitar da 'yan doka masu kaki da fareti a ƙarƙashin En'e. Albashinsu daga baitulmali yake fita, wato daga harajin talaka da jangalin Bafillace. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, galibi ɗan sarauta. Marigayi Ado Bayero ya riƙe wannan muƙami a Kano kafin ya hau gadon mulki.

Ɗan doka da kulki yake yawo, ba bindiga ba, amma yana da abin da ya fi bindiga. Ya san gidan kowa. In aka sace saniya a gundumar Kalgo, ya san mai unguwar da zai tuntuɓa da mashigin fadamar da ɓarawo zai bi. Baƙo ba ya kwana a gari ba a sani ba.

Wannan sanin ne kuma ya zama masifa da siyasa ta shigo a shekarun 1950. A faɗin Arewa 'yan NEPU sun sha ɗauri a hannun 'yan doka saboda taro ba izini ko "zagin sarki", ga shi mai kamawa da mai shari'a da mai gidan yari duk na En'e ne. Ina talaka zai kai kuka? Shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Najeriya, wadda aka haɗe tun 1930. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haka: runduna ɗaya tak, mai karɓar umarni daga Abuja. Ko 'yan sandan kwantar da tarzoma, waɗanda suka fi kama da soja, na tarayya ne.

Jihohi dai sun nemi ɓarauniyar hanya. Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024. Gyaran tsarin mulki don a samu 'yan sandan jiha kuwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince.

A ganina, manomin Gwandu da zai ji ana wannan muhawara, tambayarsa ba ta launin kaki ba ce. Wa zai ɗauki yaran aiki, ɗan siyasa ko hukuma mai zaman kanta? Jihar da ke jiran kason wata daga Abuja za ta iya biyan mai bindiga albashi a kan kari? In kuma ɗan sandan gwamna ya mari ɗan adawa a kasuwar Kalgo ana gobe zaɓe, a gaban wa za a kai ƙara?