Littafin Labari da Littafin Ilimi: Me Ya Sa Mai Karatu Ke Bukatar Duka Biyu?

Yau za mu leƙa duniyar littattafan Hausa, kuma batun da muke tafe da shi guda ɗaya ne. Mai karatu na gama-gari, wato manomi ko tela ko matar aure ko ɗan kasuwa, wanda ba jarrabawa ce ta sa shi buɗe littafi ba, yana bukatar littattafai iri biyu a hannunsa: ƙagaggen labari, da kuma littafin da ke bayyana masa duniya yadda take, kamar tarihi da kimiyya da lafiya da labarin ƙasa. A yau Hausa ta wadata da na farko, amma tana cikin ƙamfar na biyu, kuma wannan giɓi yana cutar da mu fiye da yadda muke zato.

Duk wanda ya tsaya gaban mai sayar da littattafai a Kano ko Zariya ko Sakkwato zai ga abin da idonsa. A gefe ɗaya ga littattafan addini, su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, da fassarar Alƙur'ani mai girma, da ƙananan littattafan addu'o'i. A ɗaya gefen ga tulin littattafan labari masu siririn bango da hoton 'yan mata, an raba kowanne kashi na ɗaya da na biyu da na uku, don mai saye ya dawo gobe ya ji yadda aka ƙare. Can a lungu kuma ga littattafan makaranta na masu shirin jarrabawa. To, a tambayi mai shagon littafin Hausa da ke bayanin hawan jini ko ciwon suga ko sikila, ko wanda ya ba da tarihin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, ko wanda ya fayyace abin da ke sa farashin kaya tashi, ko dalilin janyewar tafkin Chadi. Galibi sai ya girgiza kai, ko ya miƙo na Turanci.

Ba haka aka faro ba. Lokacin da aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, littattafan farko da ta fitar sun haɗa da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda tarihi ne da aka ɗebo daga rubuce-rubucen malamai na Larabci. Sai a 1933 aka shirya gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, ga kuma Jiki Magayi na John Tafida da East. Abin lura shi ne, mutumin da ya fi kowa suna a fagen ƙaga labari bai tsaya nan ba. Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce shi ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Shi ne ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Shi ne kuma ya haɗa hannu da East suka rubuta Ikon Allah, wanda ke bayanin halittu iri-iri na cikin duniya. Alƙalamin da ya ba aku baki ya yi ta zuba wa ɗan sarki hikayoyi a Magana Jari Ce, shi ne ya zauna yana yi wa Bahaushe bayanin tsirrai da dabbobi da sararin sama.

An ci gaba a kan wannan turba bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, lokacin da ake gangamin yaƙi da jahilci. Masu tsara aikin sun san cewa babban mutum da ya koyi haɗa baƙi da wasali zai manta da karatun in bai sami abin karantawa ba, kuma sun san ba abu iri ɗaya kowa ke so ba. Don haka aka buga labarai irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, aka kuma buga tarihi irin su Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, da ƙananan littattafai kan tsabta da noma da sana'o'i. Malam Aminu Kano ma ya ba da labarin tafiyarsa a Motsi Ya Fi Zama. Bahaushen da ya iya boko a wancan zamani, ko da kuwa karatunsa bai wuce na ajin manya ba, yana da zaɓi.

To, me ya karkatar da ma'aunin? Dalilan a fili suke. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci na shekarun 1980 sun samar da ɗimbin sababbin masu karatu, musamman mata. A daidai wannan lokaci tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, suka fi mai da hankali ga littattafan da makarantu ke saye. Sai marubuta suka ɗauki nauyin buga ayyukansu da kansu. Bayan So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, aka sami su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano. Wanda ya zuba kuɗin aljihunsa a maɗaba'a dole ya rubuta abin da zai fita da wuri, kuma labarin soyayya da zaman aure shi ne mai fita da wuri. Littafin ilimi kuwa yana cin bincike da lokaci da mai dubawa, abubuwan da marubuci shi kaɗai ba zai iya ɗauka ba. Masana da ya kamata su cike wannan gurbi suka koma rubutu da Turanci a mujallun jami'a, domin ta nan ake samun ƙarin girma a wurin aiki.

Yanzu bari mu duba dalilin da ya sa ɗaya ba ya isa ba tare da ɗayan ba, mu ɗauki batun bauta a ƙasar Hausa. Wanda ya karanta Shaihu Umar zai bi yaro ƙarami da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka tsallaka Sahara da shi, ga mahaifiyarsa ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Zai ji zafin abin a ƙirjinsa, yadda babu jadawalin alƙaluma da zai sa shi ji. Amma in ya rufe littafin tambayoyi za su taso masa. Da gaske an yi haka? Su wa suka yi? Yaya rayuwa take a rinji? A nan ne yake bukatar shaida irin ta Baba ta Karo, dattijuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa wajen 1949 zuwa 1950, ta faɗi abin da ta sani game da harin masu kamun bayi, da fansar waɗanda aka kama, da zaman bayi a gidan danginta. Labarin Tafawa Ɓalewa ya sa mai karatu ya damu, shaidar Baba kuma ta ba shi abin da zai kafa hujja da shi. Abin takaici shi ne, maganar Baba da Turanci ta fara fitowa a 1954, masu harshen ba su same ta a nasu harshe ba sai bayan shekaru masu yawa.

Akwai masu cewa ai ƙagaggen labari ƙarya ce da ɓata lokaci, har ma yana lalata tarbiyya, don haka kamata ya yi a rage shi domin a ba littafin ilimi fili. Wannan magana ta daɗe, kuma an tafka muhawara a kanta a jaridu tun shekarun 1990. Gaskiya ne akwai labaran da aka rubuta cikin gaggawa, ba tace harshe, ba zurfin tunani. Amma wanda ya ce a kawar da su duka ya manta cewa su ne suka riƙe al'adar karatun Hausa a lokacin da kowa ya yi watsi da ita. Dubban mata sun ƙware da karatu ne ta hanyar littafin da suka karɓo haya a shagon unguwa. Littattafai irin su Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne sun tayar da maganar auren dole da ilimin 'ya mace da wulaƙanta iyali a cikin ɗakunan da laccar jami'a ba ta taɓa shiga ba. Mai karanta labari shi ne wanda ya fi kowa kusa da zama mai karanta tarihi, domin ya riga ya saba zama da littafi na sa'o'i. In aka kore shi daga labari, barin karatu zai yi gaba ɗaya.

Wasu kuma na cewa littafin ilimi ba ya kasuwa, kuma mai neman sani yana da rediyo da wayar hannu. Mu a gidan rediyo mun san iyakar aikinmu. Abin da aka faɗa a iska yana wucewa, mai sauraro ba zai iya komawa shafin baya ya sake dubawa ba. Saƙon da ke yawo a WhatsApp kuwa sau da yawa ba a san wanda ya rubuta shi ba, balle a tuhume shi in ya yi kuskure. Littafi yana ɗauke da sunan mai shi, ana iya auna shi, a yi masa raddi, a gyara shi a bugu na gaba. Batun kasuwa kuma, littattafan addini sun isa amsa. Bahaushe yana cire kuɗi ya sayi littafin da babu jarumi ko jaruma a ciki, in dai ya ga yana amsa masa tambayar da ta dame shi, cikin harshen da yake fahimta, a farashin da yake iyawa. Uwar da ɗanta ke fama da sikila tana da tambayoyin da suka hana ta barci. Manomin da ke ganin damina na sauya masa lokaci shi ma haka. Masu saye suna nan, kayan ne ba a kawo musu ba.

Ƙorafi na uku shi ne wai Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki kimiyya da tattalin arziki. Sassan Hausa na gidajen rediyon duniya sun shafe shekaru da dama suna bayanin cututtuka da kasafin kuɗi da makamashin nukiliya kowace safiya, kuma direba a tasha yana fahimta har ya yi muhawara a kai. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo sun yi aiki mai yawa kan ƙamus da keɓaɓɓun kalmomi. Inda matsalar take shi ne salo. Yawancin abin da masana ke rubutawa da Hausa an yi shi ne don ɗalibai, cike da rabe-rabe da ma'anoni da sunayen magabata, irin rubutun da ba mai karanta shi sai dole. Mai karatu na gama-gari yana son a ja shi da labari, a fara masa da mutum ko gari ko wani abin da ya faru, sannan a shigar da bayani a hankali. Wannan fasaha kuwa marubutan labari ne ke da ita.

Saboda haka mafita tana cikin haɗa ɓangarorin biyu, kamar yadda Imam da East suka yi. Likita ya zauna da marubuciyar da ta san yadda ake riƙe mai karatu, shi ya kawo sani, ita ta kawo salo, su fitar da ɗan littafi mai arha kan haihuwa ko ciwon suga. Malamin tarihi ya ɗauki kundin digirinsa da ke kwance a ɗakin karatu, ya sake rubuta shi da Hausar kasuwa. Jami'o'i su riƙa lissafa irin wannan aiki cikin abin da ake ƙara wa malami girma da shi. Masu shirya gasa, ganin yadda Hikayata ta BBC Hausa ta fito da sababbin marubuta mata tun 2016, su buɗe irinta ga tarihin rayuwa da labarin tafiya da bayanin kimiyya. Marubutan da ke sayar da labaransu ta waya sun riga sun gina hanyar isa ga dubban masu karatu, kuma hanyar za ta iya ɗaukar littafin ilimi kamar yadda take ɗaukar na soyayya. Dattawan da suka ga zamanin En'e da zuwan 'yancin kai suna ƙarewa, kuma duk wanda ya tafi ba a rubuta abin da ya gani ba, an yi asarar da ba ta da mayarwa.

Ku kuma iyaye da malamai da ke sauraronmu, kada ku ƙwace littafin labari daga hannun yaro. Ku duba abin da yake karantawa, ku zaɓa masa mai kyau, sannan ku ajiye masa na tarihi ko na kimiyya a kusa da shi. In kun je shago ba ku samu ba, ku tambaya, ku sake tambaya, domin ɗan kasuwa yana kawo abin da ake yawan nema ne, maɗaba'a kuma tana buga abin da ɗan kasuwa ya ce ana nema.

A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Sai wani makon idan Allah ya kai mu, mu kasance lafiya.