Battersea: Gidan Da Ke Samar Wa Karnuka Da Kyanwoyi Marasa Gata Uban Gida

A kudancin Kogin Thames a birnin Landan, dab da hanyar jirgin ƙasa, akwai wani gida wanda haushin karnuka bai taɓa yankewa a cikinsa ba tun shekarar 1871. Sunan gidan Battersea, watau sunan unguwar da yake ciki. Aikinsa kuwa shi ne karɓar karnuka da kyanwoyin da suka ɓace, ko waɗanda masu su suka gaji da su suka yasar, a yi musu magani, a ciyar da su, sa'an nan a nema musu wanda zai riƙe su tsakani da Allah har ƙarshen ransu.

Wata mata ce mai suna Mary Tealby ta kafa harsashin wannan aiki a shekarar 1860, bayan wani kare da aka tsinto da yunwa ya mutu a hannunta duk da jinyar da ta yi masa. Ita ba mai dukiya ba ce. A wani tsohon bargar dawaki a unguwar Holloway ta soma tara karnukan titi, maƙwabta suna ta ƙorafin hayaniya, jaridar The Times kuma ta yi mata ba'a, tana ganin wauta ce a yi wa kare gida alhali ga 'yan Adam suna kwana a titi da yunwa. Maganar jaridar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin Landan ta wancan zamani cike take da matalauta. Amma a shekarar 1862 mujallar shahararren marubucin nan Charles Dickens ta buga sharhi mai goyon bayan gidan, daga nan ra'ayin jama'a ya soma juyawa. Mary Tealby ta rasu a 1865, ba ta ga ranar da aka koma Battersea ba. An fara karɓar kyanwoyi a 1883, a 1885 kuma Sarauniya Biktoriya ta yarda ta zama uwar gidan. Wanda aka yi wa dariya jiya, sai ga shi fada ta rungume shi.

Wanda ya fi kowa suna cikin waɗanda suka fito daga gidan wani muzuru ne da ake kira Larry. A titi aka tsince shi, a watan Fabrairu na 1911 da ɗari, watau 2011, aka kai shi gidan Firayim Ministan Ingila da ke lamba 10, Titin Downing, don ya yi maganin ɓeraye. Daga lokacin zuwa 2024 ya zauna da Firayim Ministoci shida, tun daga David Cameron har zuwa Keir Starmer. Biyar daga cikinsu sun zo sun iske shi, biyar kuma sun kwashe kayansu sun bar shi a nan. Masu ba'a sun ce ya fi ƙwarewa a barci bisa kamun ɓera.

To, amma labarin Larry na masu sa'a ne. Abin da ya fi dacewa mai karatu ya lura da shi shi ne irin wahalar da gidan yake sha kafin ya saki dabba ga wani.

Idan aka tsinci kare a titi, dokar Ingila ta ba mai shi kwana bakwai ya zo ya karɓi abinsa. In bai zo ba, sai a shiga neman masa sabon gida. Kafin nan likitan dabbobi zai duba shi, a yi masa allurar rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙuma, galibi kuma a yi masa fiɗiya, ko aikin hana haihuwa in mace ce. Ma'aikata kuma za su zuba masa ido su karanci halinsa: yana tsoron maza ko mata, yana jure wa yara, yana faɗa a kan abinci, yana iya zama shi kaɗai. Ba kowane ne yake tsallake wannan mataki ba. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin magani, ko wanda aka tabbatar haɗari ne ga mutane, ko irin da dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta hana a bayar, akan yi masa allurar da za ta ɗauke ransa. Wannan ɓangare ne na aikin da ba a cika son ambatonsa ba.

Shi ma mai neman dabbar sai an tantance shi. Za a tambaye shi irin gidan da yake zaune, ko nasa ne ko na haya, ko mai gidan ya yarda, yara nawa ne da shekarunsu, da kuma awa nawa gidan yake zama babu kowa. Mutum yakan zo da niyyar ɗaukar wani kare da ya gani ya burge shi, a ce masa wannan ba naka ba ne, ga wanda ya dace da kai. Wasu sukan ji haushi su tafi. Gidan ya gwammace haka da a dawo masa da dabbar bayan wata biyu, domin kowace dawowa tana ƙara ɓata halinta.

Makonnin farko su ne masu wuya. Kyanwar da aka kawo sabon gida takan shige ƙarƙashin gado ta yi kwanaki ba ta fitowa sai da dare, kuma kuskure ne a jawo ta da ƙarfi. Abin da masana suke ba da shawara shi ne a ware mata ɗaki guda, a ajiye mata abinci da ruwa a gefe, akwatin yashin da za ta yi bayan gida a wani gefen nesa da abincin, a ƙyale ta ta fito don kanta. Ba a barinta ta fita waje sai ta yi makonni ta san gidan, in ba haka ba sai ta kama hanyar neman inda ta fito. Karen da ya sha duka a baya kuwa, ɗaga hannu kawai ya isa ya sa shi makyarkyata ko ya kai cizo, kuma ba abin mamaki ba ne ya yi fitsari a ɗaki ko ya tauna takalmi. Duka ba ya gyara irin wannan, sai ma ya ƙara lalata shi. Abin da ke gyara shi shi ne lokacin abinci da na fita yawo su zama tsayayyu, a kuma saka masa da ɗan abin taɓawa duk sa'ad da ya yi daidai.

Akwai kuma abubuwan da jahilci ke jawowa. Cakulan da albasa da inabi guba ne ga kare. Ƙwayar farasitamol, wadda mutum yake sha don ciwon kai, tana iya kashe kyanwa. Ita kyanwar kuma tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin nata bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki ba, shi ya sa wanda ya ɗauki guda bai yi mata aiki ba, kafin shekara ta zagayo sai ya ga gidansa ya cika. Sa'an nan a tuna kare yakan yi shekara goma zuwa goma sha uku, kyanwa kuma takan haura goma sha biyar. Duk wannan tsawon lokaci ci da magani a wuyan mai ita suke.

Turawan Ingila suna alfahari da son dabbobi, amma tarihinsu ya nuna yadda tausayi kan gushe idan tsoro ko ƙunci ya zo. A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, cikin watan Satumba na 1939, mutane sun yi layi suna kai karnukansu da kyanwoyinsu a kashe don fargabar bama-bamai da ƙarancin abinci, aka hallaka dubu ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki. Battersea na cikin waɗanda suka yi ta roƙon jama'a su dakata, ta kuma ci gaba da ciyar da karnuka har yaƙin ya ƙare. A 1978 wata ƙungiyar kare haƙƙin karnuka, wadda yanzu ake kira Dogs Trust, ta fito da kamfe na gargaɗin masu ba da ɗan kwikwiyo kyautar Kirsimeti, domin da zarar biki ya wuce sai a ga an watsar da shi. Haka aka sake gani bayan annobar korona ta 2020: mutane sun ruga sun sayi karnuka don su ɗebe musu kewar zaman kulle, da aka koma aiki kuma tsadar rayuwa ta taso, sai gidajen ceto suka soma cika.

Hukuma ta shigo da doka don rage wannan. Tun Afrilu 2016 wajibi ne a saka wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambar da za a gano mai shi. Daga 10 ga Yuni 2024 dokar ta haɗa da kyanwoyi a Ingila, wanda ya ƙi kuma ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500.

Akwai bambanci guda babba da ya wajaba mai karatu a nan Nijeriya ya sani kafin tausayi ya sa ya jawo karen titi gida. Ingila ta rabu da ciwon haukan kare a tsakanin karnukanta tun 1922, mu kuwa har yanzu yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Saboda haka asibitin dabbobi ne zangon farko, ba tsakar gida ba. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa allurar rigakafin. Wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa kuwa, sai ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti goma sha biyar, sa'an nan ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga ko dabbar za ta haukace.