Caca ta intanet: Abin da ya sa kamfanoni ke raba gwanaye da 'yan koyo a wasan poker

A farkon shekarar 2013, wasu gogaggun 'yan wasan karta a shafin PartyPoker sun lura da wani abu da ya ɗaure musu kai. Idan mutum biyu suka buɗe manhajar a lokaci guda, jerin teburan da ɗaya ke gani kan bambanta da na ɗayan, domin wanda ya saba cin riba ba ya ganin teburan da masu yawan asara ke zaune. Da ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya amsa cewa gwaji yake yi don kare sababbin shiga da masu wasan nishaɗi daga ƙwararru. Tun daga lokacin ake muhawara kan ko tausayi ne ya haifar da tsarin, ko lissafin riba.

Yadda gidan caca ke samun kuɗi

Poker wasan karta ne da ya bunƙasa a Amurka, kuma ya sha bamban da yawancin nau'o'in caca. A na'urar caca ko cacar ƙwallo, mutum da kamfani ne ke karawa. A poker kuwa, 'yan wasa junansu suke ci, kamfani kuma yana cire la'ada daga kuɗin da aka tara a kowane zagaye, galibi kusan kashi 5 cikin 100, tare da iyakar da ba a wucewa.

Misali, a ce mutum biyu sun zauna da dala 100 kowannensu, ana tara dala 20 a kowane zagaye, kamfani na cire dala 1. Idan gwani ne ya haɗu da ɗan koyo ya cinye shi a zagaye 10, kamfani dala 10 kawai ya samu, gwanin ya kwashe dala 90 ya tafi da ita. Amma idan ƙarfinsu ɗaya ne, wannan ya ci, wancan ya rama, har suka kai zagaye 100, to kamfani ya tara dala 100, wato rabin duk kuɗin da ke kan teburin. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin batun baki ɗaya.

Asalin matsalar

A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, ya samu gurbin shiga babbar gasar poker ta duniya da ake yi a Las Vegas ta hanyar wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars, ya kuma lashe dala miliyan 2.5. Labarinsa ya ja ɗimbin jama'a zuwa wasan. Mahalarta babbar gasar sun tashi daga 839 a 2003 zuwa 8,773 a 2006. A wancan zamani 'yan koyo sun yi yawa har babu wanda ya damu da abin da gwanaye ke kwasa.

Al'amura sun sauya a 2006, lokacin da Amurka ta kafa dokar hana bankuna mu'amala da haramtattun shafukan caca, abin da ya sa PartyPoker ya fice daga ƙasar. A ranar 15 ga Afrilu, 2011 kuma, hukumomin Amurka suka gurfanar da jagororin PokerStars, Full Tilt Poker da Absolute Poker. Sababbin 'yan wasa suka ragu, ƙwararru kuma suka ƙara gogewa. Suna amfani da manhajoji irin su PokerTracker da Hold'em Manager, waɗanda ke tattara tarihin wasan kowane abokin karawa su nuna rauninsa a kan allo. Wasu ma suna da manhajar da ke zaunar da su kai tsaye da zarar wani mai rauni ya hau tebur. A yarensu, ana kiran mai rauni kifi, kuma abin ya koma farauta. Wanda aka cinye cikin minti kaɗan ba kasafai yake sake zuba kuɗi ba.

Hanyoyin da aka bi

Hanya mafi tsauri ita ce ta raba 'yan wasa bisa sakamakonsu, kamar yadda PartyPoker ya gwada. A 2013 ɗin, shafin Lock Poker ma ya kasa 'yan wasa rukuni-rukuni, ta yadda na ƙasa da na sama ba za su haɗu ba.

Wasu kamfanonin sun zaɓi ɓoye ɗan koyo maimakon killace shi. A ƙarshen 2011 Bodog ya cire sunayen 'yan wasa daga teburansa, aka koma amfani da lambobi. A 2014 Unibet ya fito da manhajar da ke ba ɗan wasa damar sauya laƙabinsa, ta kuma hana shi zaɓen teburin da zai zauna. Akwai kuma wasan gaggawa irin Rush Poker na 2010 da Zoom na 2012, inda ake sauya wa mutum abokan karawa a kowane zagaye. A 2019 PartyPoker ya haramta manhajojin bin diddigi. Shafuka da dama kuma suna ware teburan sababbin shiga na 'yan makonnin farko.

Hanya ta uku ita ce rage wa ƙwararru garaɓasa. Bayan kamfanin Amaya na Kanada ya sayi PokerStars kan dala biliyan 4.9 a 2014, an sanar a ƙarshen 2015 cewa za a zaftare ladan da ake ba masu yawan wasa, lamarin da ya sa wasunsu suka ƙaurace wa shafin na kwana uku a watan Disamba.

Wahalar auna gwaninta

A wasan dara na ches, tsarin maki na Elo yana auna ƙarfin ɗan wasa da kyau, domin babu sa'a a cikin wasan. A poker kuwa sa'a na da babban tasiri, ta yadda ɗan koyo zai iya yin mako yana ci, gwani kuma ya yi wata yana asara. Sai an buga dubban zagaye kafin ainihin ƙarfin mutum ya fito. Don haka duk rabon da aka yi da wuri yana iya jefa mai sa'a cikin gwanaye.

Akwai kuma ƙofar maguɗi. Gwani na iya yin asara da gangan don a saukar da shi, ko ya buɗe sabon asusu da sunan wani. Raba jama'a kuma yana rage yawan teburan da ke cike, musamman a ƙananan shafuka. Masu suka suna ƙara da cewa tsarin yana hukunta wanda ya dage ya koyi wasan, kuma yin sa a ɓoye ya tauye haƙƙin mai zuba kuɗinsa na sanin ƙa'idar da ake bi.

Wa ke cin moriya?

Masu goyon bayan rabawar suna kafa hujja da wasan dambe na zamani, inda ba a haɗa mai nauyi da marar nauyi. Gaskiya ne ɗan koyo yakan daɗe a tebur idan da tsaransa yake karawa. Sai dai daɗewa ba riba ba ce. Kuɗin da a da gwani ke kwashewa a sa'a ɗaya, yanzu la'ada ce ke cinye su sannu a hankali.

Batun ya shafi Najeriya, inda caca ta intanet ke isa ga matasa ta wayar hannu. A watan Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 tana aiki ne a Babban Birnin Tarayya kawai, sauran kuma hurumin jihohi ne, yayin da jihohin da ke bin shari'ar Musulunci suka haramta caca. Ke nan wanda ya zuba kuɗinsa a shafin da ke da rajista a wata ƙasa, da wuya ya samu hukumar gida da za ta binciki yadda aka zaɓa masa abokan karawa, ko ta bi masa kadi idan aka cuce shi.