Amanar Rubuta Tarihin Masu Neman Muhalli

Tun da aka kafa kundin ilmi na Wikipedia a shekarar 2001, ɗalibai da ma'aikata da yawa can suke fara dubawa in suna neman labarin wata ƙungiya. To, amma 'yan sa-kai ne ke rubuta shi, kuma labarin da aka rubuta aka bari babu mai bibiya yakan zama zalunci.

Ga misalin Abahlali baseMjondolo, watau ƙungiyar mazauna bukkokin kwano ta Afirka ta Kudu, wadda ta samo asali a unguwar Kennedy Road ta birnin Durban a 2005. A cikin watan Satumba na 2009 aka kai wa unguwar hari, mutum 2 suka mutu, aka gurfanar da 'yan ƙungiyar 12 gaban shari'a. A 2011 kotu ta sallame su duka. In mai rubutu ya tsaya kan kamun bai ƙara da sallamar ba, ashe ya shafa musu kashin kaji ke nan.

Haka nan wajibi ne ya kawo hukuncin Kotun Tsarin Mulki na Oktoba 2009, wanda ya soke sashe na 16 na dokar rushe irin waɗannan unguwanni a lardin KwaZulu-Natal.

Ƙa'idar kundin ita ce kowace magana ta zo da madogara, kada a ɗauki ɓangare. Saboda haka mai karatu ya riƙa duba madogarar da shekararta kafin ya ɗauka.