AFGANISTAN: YADDA AKA KOYA WA MALAMAI SAURARON ƊALIBANSU

Kowa ya zauna a benci ya san irin karatun da malami ke faɗi yara na amsawa, ya rubuta a allo su kwafe, wanda ya yi tambaya kuwa a ce ya cika surutu. A yau za mu leƙa ƙasar Afganistan, can tsakiyar nahiyar Asiya, inda aka yi kusan shekara 20 ana ƙoƙarin sauya wannan hanya, domin mu ga abin da aka shuka da abin da aka girba.

Mafarin al'amari

Horar da malamai ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun daga 1954 har zuwa 1978, masana daga jami'ar Kolombiya ta Amurka sun yi aiki tare da ma'aikatar ilimi ta birnin Kabul wajen shirya malamai da littattafai. Amma shigowar sojan Tarayyar Sobiyat a 1979, da yaƙin basasar da ya biyo baya, da mulkin Taliban na 1996 zuwa 2001, sun watse wannan aiki. Malamai da dama sun mutu, wasu sun yi gudun hijira zuwa Pakistan da Iran.

A 2001, yaran da ke zuwa makaranta a duk faɗin ƙasar ba su wuce miliyan 1 ba, kusan dukansu maza. A watan Maris na 2002, sabuwar gwamnati tare da hukumar UNICEF suka yi yekuwar komawa makaranta, yara suka yi dafifi. Kafin 2018, bisa lissafin hukumar UNESCO, adadin ya kai wajen miliyan 10. To, ina za a samu masu karantar da wannan taro? Dole aka ɗauki duk wanda ya iya karatu da rubutu. Doka ta ce malami sai ya yi shekara 12 ta makaranta, ya ƙara 2 a makarantar horon malamai, amma da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka ba su kai nan ba. Abin da suka sani shi ne yadda aka karantar da su: hadda da bulala.

Mece ce sabuwar hanyar?

Tushenta guda ne: yaro ya fi riƙe abin da ya gano da kansa bisa abin da aka ɗura masa. Mu ɗauki darasin raba 12 gida 3. A tsohuwar hanya, malami zai rubuta amsa, yara su maimaita har ta zauna a baki. A sabuwar hanya, sai ya kasa su rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni tsakuwa 12, ya ce su raba wa mutum 3 ba tare da an ƙwari kowa ba. Idan sun gama, sai ya tambaye su yadda suka yi, kuma me zai faru da mutanen 5 ne. Nan yaro zai ci karo da saura, ya fahimce ta tun kafin a gaya masa sunanta.

Saboda haka aka koya wa malamai shirya darasi tun kafin shiga aji, da yin tambayar da ba a amsa ta da "i" ko "a'a" kaɗai, da ba yaro lokacin tunani, da jawo na bayan aji waɗanda ba sa ɗaga hannu, da ajiye bulala. Malami bai rasa girmansa ba, aikinsa ne ya ƙaru.

Yadda aka isar da horon

Bankin Duniya ya soma ba da kuɗi a 2004 cikin wani shiri mai suna EQUIP, Amurka kuma ta ɗauki nauyin wani mai suna BESST daga 2006 zuwa 2011. An buɗe makarantun horon malamai a jahohin ƙasar 34. Waɗanda suka riga suka kama aiki kuwa, an bi su har gundumominsu: a horar da manyan masu horo a Kabul, su horar da na jaha, na jaha su horar da na gunduma, su kuma su tara malamai na ƴan kwanaki. An yi amfani da rediyo cikin harsunan Dari da Pashto domin malaman da ke bayan duwatsu.

A ƙauyukan da ke nesa da makaranta, an buɗe azuzuwa cikin gidaje da masallatai, aka horar da mutumin gari ya karantar. Wani bincike da aka yi a jahar Gor a 2007 da 2008 ya nuna cewa irin waɗannan azuzuwa sun jawo ƴan mata makaranta ƙwarai, kuma sakamakonsu ya matso kusa da na maza.

Inda gizo ke saƙa

Amma faɗi ba shi ne cikawa ba. Saƙon da ya bi hannu huɗu kafin ya isa, da wuya ya isa cikakke. Malamin da ya yi mako 2 yana horo yakan koma ya tarar da aji cike maƙil, makaranta na karatu kashi 2 ko 3 a yini, wani lokaci ma cikin tanti ko gindin itace. Albashi kaɗan ne, dole ya nemi wata sana'a. Wanda bai ƙware a lissafi ba kuwa, tsoron tambayar yara yake yi. Ga kuma jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira "kankor", kalmar da su ma suka aro daga Faransanci: ita hadda take saka wa, don haka iyaye hadda suke nema.

Bayan 2021

A ranar 15 ga Agusta 2021, Taliban suka sake karɓe Kabul. Suka hana ƴan mata wuce aji 6, a Disamba 2022 kuma suka rufe musu ƙofar jami'a. A 2024, UNESCO ta ce ƴan mata miliyan 1.4 ne aka hana karatun sakandare. Abin dubawa a nan shi ne: yarinyar da ba ta gama sakandare ba, ba za ta zama malama ba, kuma a karkarar ƙasar iyaye da yawa ba sa tura ƴaƴansu mata wurin malami namiji. Idan aka toshe rijiya, ba da jimawa ba randa za ta bushe.

Abin da ya shafe mu

Jama'ar Nijar ba baƙi ba ne ga wannan magana, domin tun 1964 aka gwada karantarwa ta talabijin a Yamai, da nufin yaro ya buɗe baki ya yi magana a aji. Duk wanda ya bi ta ajin yaƙi da jahilci ya san ranar da aka tambaye shi ra'ayinsa kan farashin gyaɗa ta fi zama masa a rai bisa ranar da aka sa shi maimaita baƙaƙe. Darasin Afganistan ga magabatanmu shi ne: horon mako 2 ba ya isa, sai an bi malami har ajinsa, an biya shi a kan lokaci, an kuma gyara jarrabawa ta riƙa auna fahimta. In ba haka ba, ranar da mai horo ya juya baya, bulala za ta sauko daga inda aka rataye ta.