Zakarun da Aka Hana Su Taka Fili

A shekarar 1955, yara baƙaƙen fata 14 na ƙungiyar besbol ta Cannon Street YMCA da ke birnin Charleston suka zama zakarun jihar Karolina ta Kudu a Amurka ba tare da sun buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Ƙungiyoyin fararen fata duk sun janye don kada su haɗa fili da su.

Hukumar Little League ta kafe kan ƙa'idarta: nasarar da aka samu saboda janyewar abokin karawa ba ta kai ƙungiya zagaye na gaba. Aka gayyaci yaran kallon gasar ƙarshe a Williamsport, inda 'yan kallo suka yi ta kiran a bar su su buga, amma aka ƙi. Sai a 2002 aka miƙa musu tutar zakarun jiha, bayan furfura ta kama su.