KUƊIN NA WAJE A GONAR GIDA: WA ZAI DUBA?

Da wuya ka shiga wani gari a ƙasar Hausa ba ka tarar da gidan da ɗansu ke neman abinci a wata ƙasa ba. Wani yana Kumasi, wani Jidda, wani Yawunde, wani kuwa har Ingila. In Allah ya buɗa masa, abin da ya kan fara faɗo masa a rai shi ne ya aiko a saya masa gona, ko a ɗaure masa shanu, ko a ajiye masa hatsi da kaka. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, gama Bankin Duniya ya ƙiyasta abin da 'yan Nijeriya na waje suka aiko gida a 2023 ya kusa dala biliyan 20. Amma fa mutumin da ke nesa cinikin biri a sama yake yi. Abin da aka gaya masa ta waya, shi ne iyakar saninsa.

Maganin wannan shi ne a sami mai duba, watau mutum na uku wanda ba shi ke sayarwa ba, ba shi ke riƙon dukiyar ba, ba shi kuma da ko anini cikin cinikin. 'Yan kasuwa sun san dillali. Dillali ba mugu ba ne, sai dai la'adarsa ba ta fitowa sai an sallama, don haka kullum bakinsa wajen a saya yake karkata. Mai duba kuwa mai kuɗin ne ke biyansa, ko ya ce a saya ko ya ce a bari, ladansa ɗaya ne. A Ingila ma abin da suka gano ke nan. Tun ƙarshen 2012 aka hana masu ba mutane shawara kan zuba jari karɓar la'ada daga kamfanin da ke sayar da hajar. Wanda ya nemi shawara shi ke biya.

In gona ce, mai duba ya je ya taka ta da ƙafarsa, ya sa safiyo ya auna, don eka biyar a baki ta kan koma uku a ƙasa. Sa'an nan ya zauna da dagaci da maƙwabtan iyaka, ya ji asalinta. Gado ce? An raba ko ba a raba ba? Tana hannun wani a jingina ko aro? Gonar gadon da ba a raba ba ita ta fi kai mutane gaban alƙali, domin ɗaya daga cikin magada ya kan sayar, sauran su taso bayan an yi shuka. Kada kuma a manta da dokar filaye ta 1978, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. Abin da mutum ke saye izinin zama da aiki ne, kuma sauya hannu sai da yardar hukuma, Gwamna ko ƙaramar hukuma, gwargwadon irin takardar filin.

Shanu da hatsi ba su da wuyar dubawa. A ƙirga, malamin dabbobi ya ga haƙori da lafiya, a buɗe buhu daga tsakiyar sito ba na bakin ƙofa ba.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne kamfanonin da ke cewa kawo kuɗinka mu yi maka noma, ka kwanta riba ta same ka. Waɗansu na gaskiya ne, waɗansu kuwa kuɗin na baya suke biyan na gaba da shi, har ran da abin zai tsaya cik, kamar yadda MMM ta yi a Disamban 2016. Za su nuna maka takardar rajistar kamfani. Wannan ba ta isa ba, shaida ce kawai cewa akwai kamfanin. Izinin tara jarin jama'a daga hukumar SEC yake fitowa, kowane akawu kuwa yana iya duba sunan kamfani a jerin da ta buga a intanet. Dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu irin wannan damfara. Bayan takarda sai lissafi, a nan manomi ya fi mai digiri. Masara a ƙasar nan, in an haɗa mai kyau da marar kyau, wajen buhu 20 take bayarwa a kadada, damina kuma ɗaya ce a shekara. Wanda ya yi alkawarin riba kowane wata, a tambaye shi wace irin shuka ce ake girbe ta sau 12.

Akwai kuma wata hasara da ba ta da ɓarawo. A misali, mutum ya aiko dala 1,000 a Mayun 2023, an canja wajen naira 750 kowace dala, ya zama naira 750,000. Aka yi noma, aka ci ribar kashi 30 cikin ɗari, kuɗi ya koma naira 975,000. Kafin Fabrairun 2024 ta ƙare dala ta wuce naira 1,500. In ya mai da kuɗinsa dala, ba zai haura 650 ba. Mai duba na ƙwarai ya kan tambaye shi tun farko, a gida zai ci kuɗin nan ko a can?

Mun sani wani zai ce, ashe ɗan'uwana bai yarda da ni ba, har ya aiko baƙo ya ƙirga mini shanu? To, kai da aka ba amana, kai ka fi kowa amfana. Ran da fari ko ciwon huhu ya yi ɓarna, kana da mai shaida. Abin da ke kawo ɓacin rai shi ne a aiko mai duba bayan an fara zargi. A yi maganarsa tun kuɗi bai taso ba, a ajiye lokaci biyu a shekara, bayan shuka da bayan girbi, kowane zuwa ya rubuta abin da ya gani, ya ba kowannenku kofi ɗaya.